Tarihin Koyar da Ƙananan Yara a Gida ta Hanyar Gani da Ji da Taɓawa

Gabatarwa

Duk wanda ya zaga unguwannin manyan biranen Nijeriya a yau zai ga allunan makarantun rainon yara masu ɗauke da sunan Montessori, galibinsu kuwa masu tsada ne. A Amurka da Ingila kuma, inda wasu iyaye suka zaɓi su koyar da 'ya'yansu a gida maimakon su kai su makaranta, ya zama ruwan dare a ga uwa ta rina shinkafa ta zuba a faranti don yaro ya yi ta cuɗa ta da hannu, ko ta yanka haruffa daga samfefa ta manna a kwali don ɗan shekara huɗu ya riƙa bi da yatsa. Waɗannan abubuwa biyu, watau makaranta mai tsada da farantin shinkafa, tushensu ɗaya ne. Makasudin wannan lacca shi ne a bi sawun wannan tushe tun daga ƙarni na 17 zuwa yau, a ga yadda tunanin ya faro a ɗakin uwa da tarkacen gida, da yadda a kai a kai masu makarantu da 'yan kasuwa suke ɗauke shi su zuba a akwati su sa masa farashi, har talaka ya ɗauka ba nasa ba ne. Maganar ta shafi ɗalibin ilmin koyarwa, ta kuma shafi ma'aikacin gwamnati wanda wata rana takardar sayen kayan makaranta za ta biyo ta teburinsa.

Kafin a shiga tarihin ya kamata a daidaita kalmomi. Masanan Turai, tun daga zamanin Aristotle, suna ƙidaya ƙofofi biyar da sani yake shigowa ta cikinsu: ido, kunne, hanci, harshe da fata. Bahaushe kuwa kalmomi biyu ya tanada, gani da ji. Yana jin ƙara, yana jin ƙanshi, yana jin ɗaci, yana jin sanyi, in kuma ya fahimci harshe sai a ce yana jin Hausa. Ke nan a bakinsa abin da jiki ya ji da abin da hankali ya gane kalma guda ce ke ɗauke da su, kuma wannan alaƙa ce mutanen da za a ambata suka shafe shekaru fiye da ɗari uku suna ƙoƙarin gina tarbiyya a kanta. A nan gaba za a riƙa kiran waɗannan gaɓoɓi biyar da sunan ƙofofin sani.

Makarantar Uwa

John Amos Comenius (1592-1670) limamin coci ne ɗan ƙasar Morabiya, wadda a yau take cikin Jamhuriyar Cek. Yaƙin Shekara Talatin da ya ɓarke a 1618 ya tarwatsa jama'arsa, annoba ta kashe matarsa da 'ya'yansa, shi kuma ya yi hijira zuwa garin Leszno na ƙasar Polan a 1628. A can ya rubuta wani ɗan littafi don iyaye mata, wanda aka buga da Jamusanci a 1633. A cikinsa ya ce shekaru shida na farko makaranta ce mai zaman kanta, malamarta uwa, ajinta kuwa tsakar gida. Ya bi fannonin ilmi ɗaya bayan ɗaya ya nuna inda kowanne yake farowa. Ilmin halittu yana farowa ranar da yaro ya bambance ruwa da ƙasa da wuta da dutse, ilmin taurari ranar da ya san rana da wata, labarin ƙasa kuwa ranar da ya san hanya daga ɗaki zuwa ƙofar gida. Ya ce a ba yaro alli ya yi ta zane, wanda ba shi da halin alli ya ba shi gawayi. A 1658 ya fitar da Orbis Pictus, littafin hotuna mai ɗauke da sunayen abubuwa da Latin da Jamusanci, amma ya yi gargaɗi cewa inda duk ainihin abu yake samuwa a nuna wa yaro shi, kada a tsaya ga hoto.

Tunanin cewa sani ta ƙofofin jiki yake shigowa ya girmi Comenius nesa ba kusa ba. Ibn Tufail na Andalus, wanda ya rasu a 1185, ya tsara labarin Hayyu bin Yaƙzan, yaron da ya tashi shi kaɗai a tsibiri ya gano dokokin halitta ta hanyar dubawa da taɓawa da gwaji. An buga fassararsa ta Latin a Oxford a 1671, jami'ar da John Locke ya yi karatu ya kuma koyar. Locke, wanda ya kwatanta hankalin jariri da farar takarda (Bahaushe zai ce wankakken allo), bai yi aure ba, bai haifu ba, amma wasiƙun da ya riƙa aika wa abokinsa Edward Clarke kan tarbiyyar ɗansa su ne suka zama littafin da ya fito a 1693. Shawararsa kan kayan wasa ba ta da kwana-kwana: kada a saya. Ya ce tsakuwa mai santsi, ko guntun takarda, ko makullan uwa, sun ishi ƙaramin yaro, in ya yi wayo kuma ya ƙera nasa da kansa. Game da karatu kuwa, ya ba da shawarar a manna haruffa a jikin 'yan katakai masu fuska da yawa, yaro ya riƙa jefawa yana wasa yana gane su.

Rousseau, ɗan birnin Geneva, ya ɗaga wannan tunani ya kai shi ƙololuwa a littafinsa Emile na 1762, inda ya hana yaro littattafai har sai ya kai shekara goma sha biyu. Sai dai shi kansa 'ya'yansa biyar gidan marayu ya kai su, don haka wanda yake neman gwaji na zahiri sai ya duba wani wuri. Wurin kuwa shi ne gidan Richard Lovell Edgeworth a ƙasar Ailan. Wannan mutum ya haifi 'ya'ya 22 da mata huɗu da ya aura ɗaya bayan ɗaya. Ya fara gwada tsarin Rousseau a kan ɗansa na fari, abin bai yi kyau ba, yaron ya tashi ba ya jin magana. Daga nan iyalin suka koma rubuta abin da yaransu suke faɗa da abin da suke yi yau da kullum, kamar yadda mai bincike yake rubuta sakamakon gwaji. Da wannan kundi ne Edgeworth da 'yarsa Maria suka rubuta littafin tarbiyya na 1798, wanda babinsa na farko kan kayan wasa yake. Sun soki kyawawan kayan wasa na kanti waɗanda ake hana yaro ɓallawa, suka ce yaron da ya farfasa abin wasansa so yake ya ga abin da ke ciki, suka ba da shawarar guntayen katako da kwali da almakashi da gam.

Har zuwa nan abin na gidajen masu hali ne. Wanda ya kai shi ga 'ya'yan talakawa shi ne Johann Heinrich Pestalozzi (1746-1827) na ƙasar Suwizalan. A 1799, bayan sojojin Faransa sun yi ɓarna a yankin Nidwalden, an damƙa masa marayu kimanin 80 a garin Stans, ba littattafai, ba mataimaki sai mace ɗaya mai kula da gida. Rashin kaya ya tilasta masa koyarwa da abin da ke gabansa. Lissafi da wake da tsakuwa ake yi. Wani tsohon ɗalibinsa na makarantar Burgdorf ya ba da labarin yadda sukan tsaya gaban tsohuwar takardar da aka liƙa wa bango, suna kallon hujoji da yagewar da ke jikinta suna bayyana siffarsu da yawansu. Littafin da ya bayyana tsarinsa a 1801 sunan wata uwa ya sa masa, watau Yadda Gertrud Take Koyar da 'Ya'yanta, domin a ganinsa makaranta mai kyau ita ce wadda ta fi kama da ɗakin uwa.

Abin da ya biyo baya shi ne karo na farko da aka sa tunanin a akwati. Wani Baturen Ingila, Charles Mayo, ya zauna da Pestalozzi a Yverdon, ƙanwarsa Elizabeth kuma ta wallafa littafin darussa kan abubuwa wajen 1830, wanda ya fara da darasi kan gilashi. Nufinta yara su riƙe gilashin su gano da kansu cewa yana da sanyi da santsi, ana gani ta cikinsa, yana kuma fashewa. Amma da littafin ya shiga hannun malamai masu ajin yara da yawa, sai aka koma malami ya ɗaga abu daga nesa, yara su rera jerin siffofinsa da ka. Masu kanti suka shiga sayar wa makarantu akwatuna masu ɗauke da samfurin auduga da ƙarfe da hatsi. Hanyar da aka ƙirƙiro don kashe hadda ta zama sabuwar hadda.

Friedrich Froebel (1782-1852), Bajamushe, mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan wata tara. Ya yi koyon aikin gandun daji, ya zauna da Pestalozzi daga 1808 zuwa 1810, sa'an nan ya yi aiki a gidan ajiye ma'adinai na Berlin yana nazarin siffofin duwatsu. A 1837 ya buɗe wurin wasan yara a Bad Blankenburg, a 1840 ya raɗa masa suna Kindergarten, ma'ana lambun yara. Ya tsara kayan wasa bi da bi ya kira su kyaututtuka. Ta farko ƙwallaye shida ne na zaren ulu masu launi daban-daban, waɗanda uwa za ta iya saƙawa ta riƙa lilo da su gaban jariri. Ta biyu ƙwallo ne na katako da guntu mai siffar ganga da dunƙule mai fuska shida, ta uku kuma dunƙulen ne aka raba gida takwas. Bayan waɗannan akwai aikin yumɓu da yashi da naɗe takarda da haɗa tsinke da jiƙaƙƙen wake. Gwamnatin Prussia ta haramta lambun yara a 1851 bisa zargin yaɗa rashin addini da ra'ayin gurguzu, ba a ɗage haramcin ba sai 1860, shekara takwas bayan rasuwarsa. Lambun yara na farko a Amurka a cikin gida aka buɗe shi, a 1856, inda Margarethe Schurz ta tara 'yarta da 'ya'yan dangi a Watertown ta jihar Wisconsin. Ba a jima ba kamfanin Milton Bradley ya shiga ƙera kyaututtukan yana sayarwa, kuma daga baje kolin Philadelphia na 1876 ne mahaifiyar Frank Lloyd Wright ta san su ta kawo wa ɗanta gida. Wright, wanda ya zama mashahurin mai tsara gine-gine, ya riƙa ambaton waɗannan katakai har tsufansa. Duk da haka kafin ƙarshen ƙarnin, a makarantu da dama an mayar da su aikin umarni: malama ta faɗi inda za a ajiye kowane katako, yara su bi.

Daga Dajin Aveyron zuwa San Lorenzo

Wata jijiya ta wannan tarihi daga asibiti ta taso. A watan Janairu na 1800 aka kama wani yaro ɗan kimanin shekara goma sha biyu a yankin Aveyron na kudancin Faransa, tsirara, ba ya magana, da alamar ya daɗe yana rayuwa shi kaɗai a daji. Aka kai shi makarantar kurame ta Paris, inda manyan likitoci suka yanke cewa ba zai taɓa koyon kome ba. Wani matashin likita, Jean Itard, ya ƙi yarda. Ya sa masa suna Victor, ya damƙa kulawarsa ta yau da kullum ga wata mata, Madam Guérin. Itard ya lura cewa yaron yakan ɗauki dankali daga tafasasshen ruwa da hannu bai ji zafi ba, kuma ƙarar bindiga ba ta firgita shi, amma in an fasa 'ya'yan itace a bayansa sai ya waiwayo. Ya fahimci cewa ƙofofin sani ma horo suke bukata. Ya fara da wanka da ruwan zafi har yaron ya soma bambance zafi da sanyi. Ya zuba 'ya'yan itatuwa iri biyu masu kama da juna a tulu mai ƙaramin baki, ya sa shi ya zaro wanda aka nuna masa da laluben hannu kawai. Ya yanka jan da'ira da shuɗin mai kusurwa uku da baƙin mai kusurwa huɗu ya sa shi ya daidaita su da zanensu, daga nan ya wuce zuwa haruffan ƙarfe, har Victor ya iya jera haruffa huɗu na kalmar madara da Faransanci in yana so. Bayan shekara biyar Itard ya haƙura, don yaron bai yi magana ba, kuma a gidan Madam Guérin ya zauna har rasuwarsa a 1828. Itard ya ɗauki aikinsa a matsayin wanda bai cim ma buri ba. Amma ɗalibinsa Édouard Séguin (1812-1880) ya ɗora a kai, ya tsara kayan koyar da yara masu raunin fahimta, ciki har da allo mai ramuka wanda kowane guntu yake da raminsa, da aikin sa maɓalli da ɗaure igiya, ya bayyana su a littafinsa na 1846.

Maria Montessori (1870-1952) ta sami digirin likita a Jami'ar Roma a 1896. Aikinta da yara masu raunin fahimta ya kai ta ga littattafan Itard da Séguin, ta zauna ta kwafe su da hannunta tana fassarawa zuwa Italiyanci don ta fahimce su ciki da bai. A unguwar San Lorenzo ta Roma, wani kamfanin gidaje ƙarƙashin Edoardo Talamo ya gyara benayen haya na leburori, sai ya ga yaran da iyayensu suka tafi aiki suna ɓata bango da matakala. Ya ga albashin mai tsaron yara bai kai kuɗin fenti ba. Ran 6 ga Janairu 1907 aka buɗe Casa dei Bambini, watau Gidan Yara, a ɗaki guda, da yara kimanin 50, mai kula da su kuwa 'yar mai gadin gidan ce, ba ta da takardar koyarwa.

Labarin haruffan samfefa ya cancanci a tsaya a kansa. Iyaye mata, waɗanda yawancinsu ba su iya karatu ba, su ne suka roƙa a koya wa 'ya'yansu rubutu. Montessori ta so a ƙera mata haruffan katako masu kyau irin waɗanda ta yi amfani da su a da, sai ta tarar kuɗin ya fi ƙarfinta. Saboda haka ita da mataimakanta suka yanka manyan haruffa daga takarda, wasu daga samfefa, suka manna a kwali. Daga baya ta gane cewa abin da rashin kuɗi ya haifar ya fi na katakon amfani, domin kaushin samfefa yana riƙe yatsa a kan hanya, in ya kauce yaro zai ji santsin kwali. Yaro yana shafa harafi yana furta sautinsa, ke nan ido da kunne da hannu suna koyo tare. A watan Disamba na shekarar yara 'yan shekara huɗu da biyar suka soma rubuta kalmomi da alli a ƙasa da bango.

Ƙa'idoji uku ne suka riƙe kayanta. Kowane abu siffa ɗaya tak yake koyarwa: dunƙulen katako goma da ake jerawa su zama hasumiya launinsu ɗaya, girma kaɗai ya bambanta su, daga santimita 1 zuwa 10. Abin da kansa yake nuna kuskure, domin in yaro ya sa guntu a ramin da ba nasa ba, a ƙarshe zai ga ɗaya ya rage a hannunsa. Babba kuwa ya nuna sau ɗaya, da 'yan kalmomi kaɗan, ya ja gefe ya zuba ido.

Littafinta ya fito a 1909, fassarar Ingilishi a 1912, sunanta ya game Amurka. Alexander Graham Bell da matarsa Mabel suka buɗe aji a gidansu don jikokinsu. Wani kamfani a New York ya sami izinin ƙera kayan yana sayar da cikakken akwati dala 50, kuɗin da ya fi albashin lebura na wata guda a lokacin. Wata marubuciya, Dorothy Canfield Fisher, wadda ta ziyarci makarantun Roma, ta rubuta littafi a 1912 don iyaye mata na Amurka, inda ta nuna musu cewa ruhin tsarin ana iya samunsa a ɗakin girki da kwandon ɗinki, ta bi shi da littafin jagora a 1913. Montessori ba ta ji daɗi ba. A 1914 ta fitar da nata littafin jagora ta bayyana cewa shi kaɗai ne ta amince da shi, ta kuma tsaya kan cewa ita ce kaɗai za ta horar da malamai. Tsoronta yana da tushe, don ta ga abin da ya sami Pestalozzi da Froebel. Amma tsare ƙofar da ta yi, haɗe da sukar da William Heard Kilpatrick na Jami'ar Columbia ya wallafa a 1914, ya sa cikin 'yan shekaru tsarin ya kusa ɓacewa a Amurka, bai farfaɗo ba sai da Nancy Rambusch ta buɗe makaranta a jihar Connecticut a 1958. A 1967 hukumar rajistar alamun kasuwanci ta Amurka ta yanke cewa sunan Montessori ba mallakar kowa ba ne, kowa yana iya rubuta shi a allonsa.

Komawa Gida

Shekara guda bayan wannan hukunci Elizabeth Hainstock ta fitar da littafi kan koyar da tsarin Montessori a gida, mai ɗauke da bayanin yadda uwa za ta haɗa kayan da kwali da kwalabe da ƙyallaye. A Ingila kuma Elinor Goldschmied (1910-2009), wadda ta yi aiki da marayu a Italiya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta fito da abin da ta kira kwandon taska don jaririn da ya iya zama bai fara rarrafe ba. Kwando ne mara zurfi da ake cikawa da ludayin katako da makullai da dutse mai santsi da lemon tsami da guntun fata, ba roba, ba abin wasan kanti, babba ya zauna kusa ya yi shiru. Makullan da Locke ya ambata a 1693 sun dawo ke nan.

A daidai wannan lokaci ne koyarwa a gida ta zama harka mai mabiya a Amurka. John Holt, tsohon malamin makaranta, ya fara mujallar iyaye masu koyarwa a gida a 1977, kafin 1993 kuwa abin ya halatta a duk jihohi 50. Ƙididdigar gwamnatin Amurka ta nuna yara kimanin 850,000 a 1999, da kimanin miliyan ɗaya da rabi a 2007. Rufe makarantu saboda annobar korona a 2020 ya jefa miliyoyin iyaye a duniya cikin wannan aiki ba shiri. A hannun irin waɗannan iyaye ne farantin shinkafa da kwaɓaɓɓen fulawa da gishiri suka yaɗu, kuma kamar yadda aka saba, kasuwa ta biyo baya da nata akwatunan.

To, me bincike ya tabbatar? Wasu masana a Faransa, cikinsu da Édouard Gentaz, sun nuna a 2004 cewa yara 'yan shekara biyar da suka riƙa shafa haruffa da yatsa sun fi takwarorinsu da suka kalle su kawai iya haɗa sauti su karanta. A 2006 Angeline Lillard da abokiyar aikinta suka kwatanta yaran da ƙuri'a ta ba su gurbi a wata makarantar Montessori ta gwamnati a Milwaukee da waɗanda ƙuri'a ba ta faɗa kansu ba, suka ga 'yan shekara biyar na rukunin farko sun yi gaba a karatu da lissafi. Sai dai yaran ɗari da 'yan kai ne, kuma makaranta gaba ɗaya aka auna, ba kayan kaɗai ba. Wani bincikenta na 2012 ya ba Montessori gaskiya a kan wani abu: azuzuwan da suka tsaya ga kayan asali sun fi waɗanda suka cakuɗa su da wasu kayan wasa. A ɗaya ɓangaren, ra'ayin nan da ya yaɗu cewa wani yaro ta ido kaɗai yake koyo, wani ta kunne, wani ta hannu, masana ƙarƙashin Harold Pashler sun duba shi a 2008 ba su sami hujjar da za ta riƙe shi ba.

Abin da wannan yake nunawa shi ne, farantin shinkafa mai launi bakwai da aka cusa wa kayan wasa iri-iri yana iya ɗebe wa yaro kewa, amma ba shi ne abin da Séguin da Montessori suka tsara ba. Gwangwanaye shida masu kama ɗaya, biyu da gero, biyu da tsakuwa, biyu da yashi, yaro ya girgiza ya haɗa masu ƙara ɗaya, wannan ya cika ƙa'idar, ko da kuwa bai ci kwabo ba. Akwai kuma batun haɗari, wanda tsofaffin marubuta ba su manta da shi ba, don Locke ya gindaya sharaɗin abin ya zama wanda yaro ba zai ji ciwo da shi ba. A watan Satumba na 2023 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta sanar da janye akwatuna kimanin 52,000 na wasu 'yan ƙwallayen roba masu kumbura in sun sha ruwa, waɗanda ake sayarwa da sunan wasan ƙofofin sani, bayan wata jaririya 'yar wata goma ta haɗiye ta mutu.

A Nijeriya, Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi cewa a koyar da yara 'yan shekara uku zuwa biyar ta hanyar wasa, da harshen uwa ko harshen jama'ar wurin, amma ta bar kafa irin waɗannan makarantu a hannun masu zaman kansu. Sai a bugun 2013 aka shigar da shekara guda ta share fage cikin tsarin makarantun gwamnati. A tsakanin waɗannan shekaru ne sunan Montessori ya hau allunan makarantun kuɗi, inda sau da yawa da Ingilishi ake koyarwa. A Gidan Yara na San Lorenzo kuwa, dokokin da aka kafe a bango sun ce iyaye ba za su biya kome ba. Abin da aka nema daga gare su shi ne su turo yaro kan lokaci da tsabtar jiki da ta tufafi, su girmama malama, uwa kuma ta zo sau ɗaya a mako ta gaya mata yadda yaron yake a gida, ta ji shawararta.